AMFANI DA JADAWALIN LISSAFI NA KWAMFUTA WAJEN GANE RIBA A SAYAYYAR INTANET: Bayani ga 'Yan Kasuwar Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, bayan noma da kiwo babu wata sana'a da mutanen yammacin Jihar Zamfara suka gada kaka da kakanni kamar saye da sayarwa. Tun kafin a ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, fatake daga Anka da Gummi da Bukkuyum suke zuwa Kano da Gusau da Sakkwato da Jega su saro kaya, su dawo su ci kasuwannin mako. A wancan lokaci ɗan kasuwa da ƙafarsa yake zuwa, ya ga kaya da idonsa, ya taya, a sallama masa, ya ƙirga kuɗi ya biya.

Shigowar wayar salula a shekarar 2001, da bazuwar intanet da tura kuɗi ta waya da suka biyo baya, sun kawo babban sauyi ga wannan tsari. A yau matashin da ke Duza ko Bagega, ko matar aure da ke cikin gida a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas, muddin sabis ya samu, suna iya ganin hoton atamfa ko takalma ko fitilar sola ta WhatsApp da Facebook, su tura kuɗi ga ɗan sari a Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a ɗoro masu kaya a mota. Wasu kuma suna saye daga manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a shekarar 2012, ko AliExpress na ƙasar Sin. Tsadar kuɗin mota da halin tsaro da hanyoyinmu ke ciki sun ƙara sa mutane da dama sun gwammace wannan hanya a kan tafiya da kai.

Sai dai kuma wannan sauƙi ya zo da wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna ganin ciniki yana tafiya, kuɗi suna shiga suna fita, amma bayan 'yan watanni sai a wayi gari jari ya karye, ba uwa ba riba, kuma mai shi bai san inda kuɗin suka bi ba. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa jama'a yadda za su yi amfani da jadawalin lissafi na kwamfuta, wanda yanzu yake cikin wayar hannu, domin su san haƙiƙanin abin da suka kashe da haƙiƙanin abin da suka samu.

Mene ne jadawalin lissafi?

Jadawalin lissafi wata manhaja ce da ke nuna shafi mai layuka a tsaye da layuka a kwance, tamkar rajistar da malamin makaranta ke kiran suna da ita. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C har zuwa gaba, layukan kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Inda layin tsaye ya haɗu da na kwance shi ake kira gida, kuma kowane gida yana da sunansa. Gidan da ke layin D a kan lamba 2, sunansa D2.

Bambancinsa da littafin hannu shi ne, ana iya umartar wani gida ya riƙa yin lissafi da kansa. Idan aka rubuta =D2*E2 a cikin gidan F2, to gidan zai ninka abin da ke D2 da abin da ke E2 ya nuna amsa. Duk lokacin da aka sauya adadi ko farashi, amsar za ta sauya nan take ba tare da an sake lissafi ba. Alamar = ita ce ke sanar da na'ura cewa lissafi ake so. Alamar + ta tarawa ce, alamar - ta ɗebewa, alamar * ta ninkawa, alamar / kuma ta rabawa.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Manhaja ta farko da ta yi fice ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a shekarar 1979. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985, sannan Google Sheets ta fito a 2006. A da sai wanda ke da kwamfuta a ofis yake iya amfani da su. Yanzu Excel da Google Sheets da WPS Office duk ana iya sauke su a wayar Android, kuma ɗan aikin da ƙaramin ɗan kasuwa yake buƙata ana yin sa ba tare da biyan kuɗi ba.

Inda riba ke zurarewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar farashin da aka biya ɗan sari a matsayin uwar kuɗi. Alhali kuwa kayan da aka saya daga nesa suna cin kuɗi a kowane zango kafin su iso hannu. Kayan da suka taso daga Kano sukan biyo ta Funtuwa da Tsafe su sauka Gusau, daga nan a sake ɗora su a motar da za ta bi ta Mayanchi zuwa Anka, ko ta wuce Daki Takwas zuwa Gummi. Akwai kuɗin ɗauri, akwai na ɗan dako, akwai na mota sau biyu ko sau uku, akwai ɗan abin da ake bai wa yaran tasha, akwai na mai babur da zai kai kaya ƙauye.

Bayan waɗannan akwai kuɗin da ba a gani a ido. Banki yana cire caji a kan tura kuɗi, mai POS yana karɓar nasa. Dokar Kuɗi ta shekarar 2020 ta ɗora harajin N50 a kan kuɗin da aka tura ta na'ura da suka kai N10,000 zuwa sama, kuma daga watan Disamba na 2024 aka haɗa da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint. Akwai kuɗin kati da data da aka ƙona wajen ciniki da bin sawun direba, akwai na cajin waya a shago. Kowanne a karan kansa ƙarami ne, amma idan suka taru sukan cinye rabin ribar da ake zato.

Har ila yau akwai asarar da ta keɓanta da sayen abin da ba a gani da ido ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wani lokaci kaya su zo da tabo, ko launin ya saɓa da na hoto, ko lambar takalmi ta ƙi mai saye, ko dozin ya zo babu ɗaya. Irin waɗannan kaya ko dai a karya farashinsu ko su yi kwantai. Idan ba a rubuta ba, ba za a taɓa sanin wane ɗan sari ne kayansa suka fi zuwa da matsala ba.

Yadda ake tsara jadawalin

Ba a buƙatar tsari mai wuya. Fayil ɗaya mai shafi huɗu ya wadatar da yawancin ƙananan 'yan kasuwa. A layin kwance na farko na kowane shafi ake rubuta kanun bayanai, daga layi na biyu kuma a fara shigar da ciniki.

Shafi na ɗaya shi ne na saye. Ga yadda za a jera shi:

A: Kwanan watan da aka tura kuɗi
B: Sunan kaya
C: Inda aka saya
D: Adadi
E: Farashin guda ɗaya
F: Jimillar kuɗin saye, wato =D2*E2
G: Kuɗin mota da dako
H: Cajin banki, kati da data
I: Cikakkiyar uwar kuɗi, wato =F2+G2+H2
J: Uwar kuɗin guda ɗaya, wato =I2/D2
K: Ranar da kaya suka iso da halin da suka iso

Gidan J shi ne zuciyar wannan aiki baki ɗaya. Duk wanda ya sayar da kaya ƙasa da abin da ke cikin J ya faɗi, ko da kuwa ya sayar sama da farashin da ya biya ɗan sari.

Shafi na biyu shi ne na sayarwa:

A: Kwanan wata
B: Sunan kaya
C: Adadin da aka sayar
D: Farashin sayarwa na guda ɗaya
E: Jimillar ciniki, wato =C2*D2
F: Uwar kuɗin guda ɗaya, kamar yadda ta fito a shafin saye
G: Riba, wato =E2-C2*F2
H: Abin da mai saye ya biya
I: Sauran bashi, wato =E2-H2
J: Sunan mai saye, idan bashi ne

Idan ana son jimillar ribar wata guda, sai a zaɓi wani gida a can ƙasa a rubuta =SUM(G2:G60), na'ura za ta tara duk abin da ke tsakanin G2 da G60. Haka nan ake tara bashin da ke waje a layin I.

Shafi na uku shi ne na kayan da suka rage. A nan ake rubuta kowane irin kaya, nawa suka shigo, nawa suka fita, nawa suka rage, da kwanakin da suka yi a ajiye. A ƙarshen kowane mako a ƙirga kayan da hannu a gwada da abin da jadawali ya nuna. Idan an sami saɓani, to ko dai an manta ba a rubuta wani ciniki ba, ko kuma wani hannu yana shiga kayan.

Shafi na huɗu shi ne na kuɗin da aka cira domin hidimar gida: cefane, magani, kuɗin makaranta, gudummawar biki ko suna. Babu laifi mutum ya ci daga sana'arsa, don haka ake yin ta. Abin da ake gudu shi ne ya ci fiye da ribar da ya samu alhali bai sani ba.

Misali

Domin a fahimci bayanin sosai, ga misali. Lambobin da ke ciki an kawo su ne don koyarwa kawai, kowa sai ya sa farashin da ya tarar a ranar da ya yi sayayya.

A ce wata mai sana'a a Gummi ta yi odar atamfa turmi 10 daga Kantin Kwari, kowane turmi a kan N12,000. Jimillar saye ta zama N120,000. Ta biya N1,500 na ɗauri da dako zuwa tasha, N4,000 daga Kano zuwa Gusau, N3,000 daga Gusau zuwa Gummi, da N500 na mai babur. Kuɗin mota da dako sun kama N9,000. Cajin tura kuɗi N600, kati da data N1,400, sun zama N2,000. Cikakkiyar uwar kuɗi ita ce N131,000, wato kowane turmi ya iso hannunta a kan N13,100.

Ta yanke farashin sayarwa a kan N14,500. A lissafin ka, za ta ce tana cin N2,500 a kowane turmi, ribarta N25,000 ke nan. Amma jadawali zai nuna mata cewa ribar turmi ɗaya N1,400 ce kacal, kuma ko da duka goman sun fita lafiya, N14,000 za ta samu.

To, a ce bayan mako uku ta sayar da turmi 6 kuɗi hannu, N87,000. Turmi ɗaya ya zo da tabo, ta sallama shi a kan N11,000. Turmi 2 ta bayar bashi, N29,000. Turmi ɗaya yana nan bai fita ba. Jimillar cinikin turmi 9 ita ce N127,000, uwar kuɗinsu kuwa N117,900. Ribarta ta gaskiya zuwa wannan rana N9,100 ce, kuma kuɗin da suka shigo hannunta N98,000 ne, sauran suna wajen mutane.

Idan da ta dogara da lissafin ka ta ɗebi N25,000 ta yi hidimar gida da sunan riba, to ta ci N15,900 daga cikin uwar kuɗi ba ta sani ba. In aka maimaita haka sau huɗu ko biyar, rabin jarin ya tafi. Wannan ita ce hanyar da jarin mutane da dama yake bi ya narke, ba sata ba, ba gobara ba.

Tashin farashi da kuɗin sake sari

Akwai wani darasi na biyu a cikin wannan misali. A ce ta sayar da turmin da ya rage, masu bashi kuma sun biya. Kuɗinta sun zama N141,500, riba N10,500. Amma da ta koma yin sabuwar oda sai ta tarar turmi ya koma N13,500. Turmi 10 da kuɗin hanya za su ci N146,000. Ga riba a rubuce, amma kuɗin hannunta sun gaza sayen adadin kayan da ta saya a baya da N4,500.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga 'yan kasuwarmu. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa kimanin N500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi, wajibi ne a ƙara wani layi a shafin kayan da suka rage mai suna farashin sari na yau, a riƙa sabunta shi kowane mako ta hanyar tambayar ɗan sari. Da shi za a riƙa duba farashin sayarwa, ba da tsohon farashi kaɗai ba. Idan kuma farashi ya sauka, jadawalin ne zai nuna wa ɗan kasuwa iyakar ragin da zai iya yi ya fitar da tsofaffin kaya kafin su yi masa kwantai.

Masu sayen kaya daga ƙasashen waje suna da ƙarin abin lura, wato canjin kuɗi. A farkon watan Yuni na 2023 dalar Amurka tana ƙasa da N500 a farashin gwamnati, amma bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya tsarin canji a wannan wata, ta haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024. Saboda haka a riƙa rubuta nairar da aka cira daga asusu a ranar biya, ba farashin dala da ke kan hoton kaya ba. A kuma haɗa da kuɗin jirgi, wanda galibi bisa nauyin kilo ake biya, da kuɗin fito, da la'adar wakili, da kuɗin ɗauko kaya daga Legas ko Kano. Sannan a rubuta yawan kwanakin da kaya suka yi a hanya, domin kuɗin da suka kwanta wata biyu a hanya da an juya su sau biyu ko uku a kasuwar gida. Sau da yawa idan aka gwada a jadawali, sai a ga ƙaramar ribar da ke dawowa duk mako ta fi babbar ribar da ke zuwa sau ɗaya a wata uku.

Bashi, haɗin gwiwa da zakka

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ƙauye da wuya a yi sana'a ba a bayar da shi ba, musamman a tsakiyar damina lokacin da hannun manomi ya bushe sai kaka. Abin da ake so shi ne a san iyakarsa. Jadawali zai nuna jimillar abin da ke waje da kwanakin da ya yi. Yana da kyau kowane ɗan kasuwa ya yanke wa kansa wani adadi wanda in bashi ya kai shi zai dakata har sai an biya. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, addinin Musulunci ma ya yi umarni da shi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma.

Haka kuma mutane da yawa da jarin wani suke juyawa, ko na ɗan'uwa da ke aiki a birni, ko na miji, ko kuɗin adashi, ko rancen ƙungiyar gama-kai. Zumunci da dama ya lalace a kan rabon riba saboda babu rubutu. Idan akwai jadawali, ana iya tura wa mai jari shi ta waya a ƙarshen kowane wata ya duba da idonsa, zargi ya kau. Bankuna da hukumomin tallafa wa ƙananan sana'o'i, irin su SMEDAN da aka kafa a shekarar 2003, su ma sun fi sauraron wanda ya zo da rubutaccen tarihin cinikinsa.

Game da zakkar kayan ciniki kuwa, wadda ake fitar da kashi ɗaya cikin arba'in idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, jadawali yana sauƙaƙa sanin ƙimar kayan da ke ajiye da tsabar kuɗi da bashin da ake sa ran biya. Domin sanin nisabi da sauran hukunce-hukunce sai a tuntuɓi malamai ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Kiyaye bayanai da sirri

Waya tana iya ɓata, ko ta faɗa ruwa, ko a ƙwace ta a hanya. Littafi ma yana iya salwanta, kamar yadda ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024 ta lalata gidaje da dukiyoyin jama'a. Don haka kada a dogara da wuri ɗaya. A riƙa ajiye kwafin fayil a cikin waya, wani kwafin a asusun imel ko Google Drive, sannan a ƙarshen kowane wata a kwafe manyan jimilloli a littafin hannu.

Wajibi ne kuma a zaɓi tsarin da zai yi aiki ko babu sabis. Jama'a ba su manta da farkon watan Satumba na 2021 ba, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci a rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, har wasu yankuna suka shafe fiye da wata biyu babu sadarwa. Excel da WPS Office suna buɗe fayil ɗin da ke cikin waya ba tare da intanet ba. Mai amfani da Google Sheets kuwa sai ya kunna zaɓin da ke ba da damar buɗe fayil ko babu data.

Batun sirri ba abin wasa ba ne a yankinmu. Jadawali yana ɗauke da adadin dukiyar mutum da sunayen waɗanda yake bi bashi, kuma kowa ya san haɗarin da ke tattare da irin wannan bayani ya faɗa hannun masu kai wa ɓarayin daji rahoto. A sa wa waya makulli, a sa wa fayil suna marar jan hankali, kada a bar waya a buɗe a shagon caji, kada a nuna jimillar kuɗi a majalisa. Kada kuma a taɓa rubuta lambar sirri ta katin banki ko BVN a cikin jadawalin.

Hattara da 'yan damfara

Jadawali yana lissafa abin da aka shigar masa ne kawai, ba ya hana cinikin biri a sama. Kafin a tura kuɗi ga wanda ba a taɓa hulɗa da shi ba, a nemi wani amintacce a garin ya je ya ga shagon. A fara da oda ƙarama. A tabbatar sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da na mai shagon. A adana rasit da hoton kaya da lambar motar da aka ɗora su, a rubuta lambar rasit a gaban kowace oda. Wajen sayarwa kuma kada a rubuta an biya don kawai an nuna saƙo a waya, sai an duba asusu an ga kuɗin sun shiga, domin saƙon bogi ya yawaita. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara ga bankinsa da gaggawa, ko ga 'yan sanda, ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, kuma waɗannan rubuce-rubuce su ne hujjarsa.

Aikin da ya rataya a wuyan jami'ai da shugabanni

Jami'an raya al'umma na ƙananan hukumomi, da malaman gona, da masu kula da ƙungiyoyin gama-kai da cibiyoyin koyar da mata sana'a, suna da rawar da za su taka. Koyar da wannan tsari bai wuce zama biyu ko uku ba, kuma ba ya buƙatar ɗakin kwamfuta, wayar hannun mahalarta ta isa. Ana iya shirya fayil ɗaya da kanunsa cikin Hausa, a sa ƙa'idojin lissafin a ciki tun farko, a rarraba shi daga waya zuwa waya. A kusan kowace gunduma akwai matasan da suka yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, waɗanda za su iya koyar da 'yan'uwansu idan hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa suka ba su goyon baya. Mata kuma a nemo masu mata 'yan'uwansu su koyar da su a cikin gida.

Wanda bai iya boko ba, ko ba shi da babbar waya, ba a bar shi a baya ba. Yana iya ja wa littafi layuka bisa wannan tsari ya riƙa rubutawa da ajami, ɗansa ko ƙanensa ya shigar masa a waya ranar da ba kasuwa. Manomin da ke sayen gero ko wake da kaka ya ajiye zuwa bazara shi ma wannan jadawali zai yi masa aiki, sai dai ya ƙara kuɗin buhu da maganin ƙwari da hayar rumbu ko sito.

Sai dai ana jan hankalin duk jami'in da ya koyar ko ya taimaka wajen shigar da bayanai da ya riƙe amana. Abin da ya gani na dukiyar wani ba na faɗa ba ne, kuma bai halatta ya mayar da shi hanyar matsa wa mutane da karɓe-karɓe ba. Ranar da jama'a suka ji cewa rubutu yana jawo masu fitina, ranar za su daina rubutawa.

Kammalawa

A taƙaice, abubuwa huɗu ake so mai karatu ya riƙe. Na farko, a rubuta kowane ciniki a ranar da aka yi shi, kada a bari sai gobe. Na biyu, uwar kuɗi ita ce duk abin da aka kashe har kaya suka iso hannu. Na uku, bashi ba kuɗi ba ne sai ya dawo. Na huɗu, kada abin da ake cira domin gida ya wuce ribar da jadawali ya nuna.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu maza da mata a Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukansu da su gwada wannan tsari ko da na wata ɗaya ne, da irin kaya guda ɗaya, su gwada abin da ya fito da abin da suke zato a ka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.